Kunnen da Maigandi Ya Yanke

Maigandi baduku ne ɗan baduku. A Unguwar Rogo ta Sakkwato aka haife shi, a nan ya tashi da basilla a hannu tun bai gama sanin dama da hagu ba. Ubansa gafaka yake ɗinka wa malamai, shi ma ita ya gada, ya haɗa da kube da layu, da takalma in salla ta matso. In ka ga jar fata an yanke bakinta da wata 'yar lanƙwasa mai kyau, ba sai ka tambaya ba, aikinsa ne, don wuƙar Maigandi ba ta iya tafiya miƙe ko an roƙe ta. Mutum ne mai sanyin baki. Ba ya caca, ba ya zuwa kallon dambe, faɗan 'yan jam'iyya da ya cika gari a shekarun nan kuwa ko leƙe bai taɓa yi ba. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya yi kaka-gida, hoton sinima.

Ba fim ɗin ba fa. Sau uku ya taɓa shiga gidan sinima, ya fito yana ƙorafin mutanen ciki ba sa tsayawa a dube su. Manyan takardun nan da ake kafawa a allo don talla, waɗanda yanzu ake ce wa fosta, su ne suka tafi da hankalinsa. Mai rinin fata ne, ya san iyakar jan da karan dafi ke bayarwa, ya san inda shuɗin baba yake tsayawa, sai ga takarda ta zo daga wata duniya da launin da bai san da me aka haɗa shi ba.

Na farkon da ya mallaka, da jininsa ya saye shi. A 1953 ne. Ya kai wa wani kube a Gawon Nama, yana komowa da la'asar sakaliya ya biyo ta ƙofar gidan sinima, mutane sun yi layi suna jiran tikiti. Sai ga samarin mahauta a gungu, gabansu Tambari, wani ƙato ɗan dambe da ba ya bin layi ko a bakin rijiya. Mai tsaron ƙofar kuwa Siddiƙu ne, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama da dorina da baƙar zuciya. Ba a yi dogon zance ba. Dorina ta sauka a wuyan Tambari, Tambari ya suri benci ya maka wa biyu daga cikin mutanen Siddiƙu, layi ya watse, duwatsu suka fara tashi. A tsakiyar turmutsitsin nan aka ture amalanken talla, allo ya faɗo a kan mai tura shi, wani siririn Bafillace mai suna Gidaɗo, jama'a na gudu suna bi ta kansa. Maigandi bai san shi ba. Ya dai kutsa ya kama ƙafarsa ya jawo shi gefe, dutse ya same shi a goshi, jini ya rufe masa fuska. Kashegari Gidaɗo ya zo har rumfarsa yana ɗingishi, ya miƙa masa hoton da ke jikin allon, wani kaboyi a kan doki, da sawun takalmin wani a ƙirjinsa.

Daga bakin Gidaɗo ya koyi yadda abin yake tafiya. Fim na zuwa daga Kano cikin gwangwani, jirgin ƙasa ya kawo shi Gusau, babbar mota ta ƙaraso da shi Sakkwato, hotonsa na ninke tare da shi. In ya gama kwanakinsa tare suke komawa, don wani gari na jira. Sai hoto ya tsufa, ya sha ƙusa da rana, sannan akawun kamfani a can Kano ya sa almakashi ya datse masa kusurwa ɗaya. Kunne suke ce mata. Hoton da aka yanke wa kunne ba mai neman sa, in ya gama aikinsa a Sakkwato ya zama na Gidaɗo, ya ga dama ya sayar, ya ga dama ya ba mai ƙosai. Tun daga wannan shekara mai ƙosai ba ta ƙara samu ba.

Duk wanda ya zauna a rumfar Maigandi sai ya sha karatu, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Kada ka sayi hoto sai a hannun wanda ke kafa shi. Kada ka sayi mai kunne huɗu, na mutane ne. Juya bayansa ka duba, in ka ga jar ƙasa to daga bango aka ɓamɓaro shi, wanda ya kawo maka kuwa gobe takalminka zai ɗauke a masallaci. Da ya saya sai ya shafa wa bayan ƙaro mai ruwa-ruwa, ya manna shi a kan yadin akoko, ya danne da allon da yake buga fata, ya bar shi ya bushe a inuwa. Ba ya ninkewa, ba ya nuna wa rana. Tsakanin kowane biyu akwai jemammiyar fata da ganyen taba saboda gara, akwatin kuwa a kan duwatsu huɗu yake, ba ya taɓa ƙasa ko bango. Akwatin na matarsa ne, Mairo. Ta ce ita dai ta ga aure, an fitar da zannuwanta an kwantar da kaboyi.

Shekara shida yana kan wannan ƙa'ida, bai kauce ba. A 1959, bayan damina, aka kawo wani fim na Indiya. A hoton, wani mutum ne ya shaƙe damisa a bakin ruwa. Ba mutumin ba ne ya kashe Maigandi, ba damisar ba, ruwan ne. Wani launi ne tsakanin shuɗi da kore wanda bai taɓa gani a fata ko a zane ba. Ya bar rumfa ya bi amalanken Gidaɗo tun daga kasuwa har Ƙofar Atiku, Gidaɗo na kaɗa ƙararrawa, shi yana binsa baki buɗe.

"Wanga ba na saisuwa ba na, Maigandi," in ji Gidaɗo. "Dubi kunnenai, lahiya lau shike. Ran Alhamis za shi koma Kano da gwangwani."

"Yaushe za a yanke mai?"

"Alla ɗai yas sani. Shekara biyu, ukku. Halama ma Zariya za shi tsuhwa, ba mu ƙara ganin shi."

Ran Litinin Gidaɗo ya jingine allon a bangon wani masallaci ya shiga sallar la'asar, ya fito ya tarar da katako wayam. Kafin magariba Tambari ya sunkuyo rumfar Maigandi, ya zaro takarda a nannaɗe daga cikin rigarsa, tana warin kitse.

"An ce kana son wanga. Wani direban Gusau yab ba ni shi."

Maigandi ya warware. Kunne huɗu cif. A kowace kusurwa ga hudar ƙusa, sabuwa, daidai tazarar allon da ya bi har Ƙofar Atiku. Ba wanda ya fi shi sanin ƙarya ce, shi da ke koya wa mutane duba bayan takarda. Kuma ya san Tambari ba don ciniki ya sato shi ba, don ya ƙona ran Siddiƙu ne. Amma ruwan nan na shimfiɗe a kan gwiwarsa. Ya biya, bai ko taya ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, ni kam ba zan ɗora wa Tambari laifin shi kaɗai ba.

Mai gidan sinima, wani Bakwara ɗan Labanan, yana Kano a lokacin, komai na hannun Siddiƙu, ya san kuma in gwangwani ya koma ba hoto, a kansa za a sauke. Ran Talata da hantsi ya sa aka ɗaure Gidaɗo a turken da ke riƙe da farin bangon kallo, a cikin filin sinima, ya bar ƙofa a buɗe don kowa ya gani. Kowa ya san Gidaɗo na sayar da hoto, to wa za a tuhuma? Labari ya kai Unguwar Rogo, Maigandi ya tafi ya tsaya a bayan mutane.

"Ina kak kai shi?" Siddiƙu ke tambaya.

"Wallahi salla nit tahi, nid dawo nit tarad da allo wayam."

Dorina ta sauka. Rigar Gidaɗo ta tsage tun a bugu na uku, a na bakwai fatar bayansa ta bi ta. Yana kiran sunan Allah, Siddiƙu na maimaita tambayarsa ɗaya. Da hannunsa ya gaji ya juyo ga jama'a ya ce duk wanda ya kama da hoton nan sai ya karya hannun da ya karɓe shi, in kuwa bai fito ba kafin motar Alhamis, Gidaɗo ne zai ci gaba da biya da jikinsa. Maigandi ya dubi hannunsa na dama. Da shi yake riƙe wuƙa, da shi yake cin tuwo, da shi Mairo ke ci. Ya sulale ya koma gida.

Abin da ya yi da ya isa gida shi ne abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Bai nannaɗe hoton ya jefa ta katangar sinima ba, wanda ko wawa zai yi. Ya rufe ɗaki, ya wasa wuƙa, ya yanke wa hoton kunne. Ya shafa toka a gefuna don ya yi kamar ya tsufa, ya toshe hudar ƙusa da ƙaro, ya manna shi a akoko, ya danne. Yana yi yana gaya wa kansa Siddiƙu zai huce, ai duka ba ya kisa. Guntun da ya yanke kuwa, hannunsa da kansa ya jefa shi a ƙwaryar ragowar fata da ke gefen tabarma, don baduku ba ya zubar da abin da ya yanke, wata rana zai yi laya.

Ran Laraba da safe Siddiƙu ya zo da mutum huɗu, suna jan Gidaɗo da igiya a ƙugu. Ina kuma za a nema in ba gidan mai akwatin hotuna ba? Ba su yi sallama ba. Ɗaya ya hankaɗe Maigandi ya bugu da bango, biyu suka fito da akwatin tsakar gida suka kife shi. Aikin shekara shida ya watse a ƙasa, suna takawa, suna yage wanda ya tare musu hannu. Mairo ta yi kururuwa. Dukawan unguwa suka fito daga rumfunansu, kowa da wuƙar aikinsa, suka cika zaure, wani dattijo a cikinsu ya ce in an zo bincike a yi bincike, amma wanda ya ƙara taɓa mai gida ba zai fita da hanjinsa a ciki ba. A ƙarƙashin allon buga fata aka samo hoton.

"Tsoho na, ranka shi daɗe," in ji Maigandi. "Daga Gusau anka kawo man shi. Dubi kunnenai, yankakke na."

Siddiƙu ya juya shi gaba da baya. Ya san fim ɗaya kan zo da hoto fiye da ɗaya, ya san kuma mai yankakken kunne ba na gidan sinima ba ne. Bai yarda ba, amma ga wuƙaƙe a zaure, ba ya iya kama mutum da zato. Ya fizgo igiya ya tura hoton gaban Gidaɗo.

"Kai kas san yankan Kano. Shi na, ko ba shi ba na?"

Shekara tara Gidaɗo na karɓar hotuna masu yankakken kunne. Almakashin akawu miƙe yake tafiya, ƙaras, wani lokaci har da ɗan tsage. Wannan kuwa ya lanƙwasa sumul kamar bakin kube. Ya daɗe yana kallon sa. Ya ɗago kumburarriyar fuskarsa ya dubi Maigandi, ya dubi hannun Maigandi da ke riƙe da gefen riga.

"Yankan Kano na," ya ce. "Ba namu ba na."

Siddiƙu ya yar da hoton, ya kai wa Gidaɗo mari da bayan hannu har ya durƙusa, suka ja shi suka fita. Dukawa suka watse suna yi wa Maigandi jaje, suna zagin azzalumai. Ya tsuguna yana tattara hotunansa ɗaya bayan ɗaya, yana kaɗe musu ƙasa, ya kasa ɗaga kai. Ya tsira, kuma ya san da bayan wa ya tsira.

Bayan azahar Mairo ta shigo ɗakin. Ta je kwashe ƙwaryar da aka zubar wajen bincike ne, ta ga abin da ba fata ba a cikin fata. Ta ajiye guntun takardar a kan gwiwarsa, shuɗi-kore, gefe ɗaya a lanƙwashe.

"Malam, sun koma da shi ga turke. Tun ɗazu 'yan kasuwa ka hwaɗi." Ba ta ɗaga murya ba. "Ni ba ni cin tuwon gidan ga in wanga bawan Alla yam mutu."

Ya ɗauki hoton da guntun ya fita ba hula. Gudu yake yi a cikin gari, babban mutum da gemu, mutane na kaucewa. Tun daga nesa ya ga taron ya fi na jiya. Ya ratsa su ya shiga filin. Gidaɗo na rataye a turke, kansa ya karkata, jini da wani farin ruwa na bin kuncinsa na hagu. Ya juyo ne a daidai lokacin da dorina ke saukowa, bakinta ya same shi a ido.

Maigandi ya shimfiɗa hoton a ƙasa gaban Siddiƙu, ya ɗora guntun a kusurwa. Guntun ya zauna daram, ko gashi ba zai shiga tsakani ba.

"Ni niy yanke shi. Ni nis saye, hannun Tambari. Gidaɗo bai san komi ba."

Siddiƙu mutum ne mai cika alkawari in na mugunta ne. Biyu suka riƙe Maigandi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan dakalin tagar tikiti, Siddiƙu ya karɓi kulki. Sau uku ya buga. A na farko Maigandi ya ji ƙarar ƙashinsa, a na biyu ya yi ihun da bai san yana da shi ba, na ukun sai labari aka ba shi. Kashegari da sassafe Siddiƙu ya kwashi mutanensa suka faɗa wa mahauta suna tsakar fiɗa. Aka karya wa Tambari muƙamuƙi, aka farke cinyar ɗaya daga mutanen Siddiƙu da wuƙar fawa, ranar rabin gari bai ci nama ba. Hoton ya bi motar Alhamis da akokonsa a baya. An ce da ya isa Kano akawu ya dube shi, ya ga ba ya ninkuwa, ya jefa shi bayan kabad, bai ko tambayi wa ya yanke ba.

Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma yatsu uku sun warke a karkace. Maigandi bai ƙara ɗinka gafaka ba. Ya koma rini, yana tsoma fatun wasu a karan dafi da hannun hagu, su yanka su ɗinka. Sauran hotunan ya gyara waɗanda ke gyaruwa ya mayar akwati, duk watan duniya yana canza musu ganyen taba, sai dai bai ƙara sayen ko ɗaya ba, karatun rumfa ma ya daina. Gidaɗo kuwa da Bakwara ya dawo ya ce mai ido ɗaya ba zai tura masa allo cikin motoci ba, aka sallame shi. Ya samu faifai ya kasa goro a bakin tashar Gusau. Maigandi kan aika masa da hatsi ta hannun Mairo, amma shi da kansa ko hanyar tashar ba ya bi. Kunya ta hana shi, da wata 'yar dabara da yake lallashin kansa da ita: ai dai ya je, ai ya ba da hannunsa, kuma Gidaɗo bai san shi Maigandi na cikin 'yan kallo ran Talata ba.

Sai a makon samun 'yancin kai, cikin Oktoban 1960, ya yi ƙarfin hali. Gari ya cika da tutoci da kaɗe-kaɗe, ana ta neman gafarar juna kamar ranar idi, ya ce in bai je yau ba ba zai taɓa zuwa ba. Ya same shi a gindin wata bishiya da hantsi, yana yayyafa wa goro ruwa, ya rufe idon da ƙyalle. Suka gaisa. Maigandi ya durƙusa, ya ɗora karkataccen hannunsa a kan gwiwa inda za a gan shi.

"Gidaɗo, gahwara niz zo nema. Da nij ji sun koma da kai, gudu niy yi, Alla ya sani. Ban iske ba."

"Na yahe ma tun rannan," in ji Gidaɗo. Ya gyara jeren goronsa, ya fitar da wani da ya fara baƙi. "Amma bar zancen gudu, Maigandi. Na gane ka ran Talata, bakin ƙohwa, bayan wani mai jan rawani. Ina ta jiran ka yi magana. Sa'an nan da ido biyu nike."

Wani fasinja ya tsaya yana tambayar farin goro. Gidaɗo ya juya masa gefen da ke gani, ya shiga zaɓa masa. Maigandi na nan durƙushe har motar ta cika ta tashi.